Yadda za ka zaɓi rumbun bayanan da zai sanar da manhajarka canji nan take

Duk mai rubuta manhaja a garin nan na Kaduna, ko ba daɗe ko ba jima, sai wani alhaji mai shaguna ya ce masa yana so in yaransa sun sayar da buhun shinkafa a reshen Kawo ya gani nan take a wayarsa yana zaune a Kasuwar Barci, ba sai ya yi ta danna rifresh ba. Haka mai kemis, haka mai kai abinci gida-gida a Barnawa da Unguwar Rimi, haka makaranta mai son iyaye su ga an shigar da kuɗin makaranta. Magana ɗaya ce: wani abu ya canza a rumbun bayanai, ana so wani can ya sani yanzu-yanzu. Kusan kowane detabes, wato rumbun bayanai, yana da hanyar yin haka, amma hanyoyin sun sha bamban sosai, kuma yawancinmu in za mu gwada su abin da muke dubawa shi ne wanne ya fi sauri, alhali a laptop ɗinka dukkansu kafin ka ƙifta ido saƙo ya iso.

Tambayar da nake so ka fara yi wa kowane ɗaya ita ce wannan: in mai sauraro ba ya nan lokacin da canjin ya faru, saƙon yana jiransa ko ya tafi kenan? Mu nan wuta tana ɗaukewa, inbata ta mutu kafin a tada janareta, netwok ya faɗi daga 4G zuwa E mutum yana tsakiyar kasuwa, data ta ƙare. Mai sauraronka zai ɓace, wannan ba ko shakka, abin da ya rage shi ne in ya dawo me zai tarar. Wasu hanyoyin kamar sanarwa ce da lasifika a masallaci, wanda bai zo jam'i ba bai ji ba, wasu kuma kamar littafin shago ne, ka dawo ka buɗe daga shafin da ka tsaya. Ka riƙe wannan rabon a kanka, sauran duk a kansa za su hau.

Kafin ka taɓa kowane detabes ka ɗauki takarda ka amsa abu uku game da aikin da aka ba ka. In saƙo ɗaya ya ɓata me zai lalace, allon da ke nuna adadin kaya ne kawai zai yi jinkiri ko kuɗin wani ne ba za a shigar ba. Waye mai sauraron, sabar taka ce guda ɗaya ko wayoyin kwastomomi ne kai tsaye. Sannan kana da iko da sabar da detabes ɗin ke kai, ko hostin ɗin haɗaka ne na cPanel da aka biya na shekara. Amsar ta ukun nan ita kaɗai tana kore rabin zaɓuɓɓukan.

PostgreSQL na fara da shi don a nan mutane suka fi ruɗewa, saboda hanya biyu gare shi kuma ba su yi kama ba ko kaɗan. Ta farko ita ce LISTEN da NOTIFY. Manhajarka ta buɗe haɗi ta ce LISTEN ciniki, can kuma wani ya ce NOTIFY ciniki tare da ɗan rubutu, shikenan saƙo ya iso. Yawanci ana rubuta tiriga, wato ɗan kod da ke tashi da kansa in an taɓa teburi, a kan teburin, duk lokacin da aka saka layi ko aka gyara sai ta kira pg_notify('ciniki', NEW.id::text). Daɗinsa ba ka girka komai, kuma saƙon ba ya fita sai an kammala tiransakshan, wato tarin rubutun da ke shiga tare ko su faɗi tare, in aka soke ba wanda zai ji komai, wannan abu ne mai kyau ƙwarai don ba za ka sanar da cinikin da bai tabbata ba. Amma ga inda gizo ke saƙar. In babu mai sauraro a lokacin, saƙon ya tafi, PostgreSQL ba ya ajiye wa kowa. Rubutun da za ka haɗa dole ya gaza bayit 8000, don haka kar ma ka fara cusa duk layin a matsayin JSON, ranar da wani ya rubuta dogon bayani a filin "ƙarin bayani" tirigar za ta yi kuskure ta kayar da cinikin gaba ɗaya. Tura lambar layin kawai, mai sauraro ya je ya karanto da kansa. Kuma in kana amfani da PgBouncer, manhajar da ke tsayawa tsakaninka da PostgreSQL tana rarraba haɗi, a yanayin da yake raba haɗi bisa tiransakshan, LISTEN ba zai yi aiki ba, sai ka ware wa mai sauraron haɗinsa na kansa kai tsaye zuwa detabes ɗin. Akwai kuma layin jiran saƙonni mai girman 8GB a girkawa ta yau da kullum, in wani mai sauraro ya buɗe tiransakshan ya manta da shi a buɗe, layin ba zai share ba, in ya cika duk mai yin NOTIFY zai fara faɗuwa.

Hanya ta biyu ita ce karanta WAL, wato kundin da PostgreSQL ke rubuta duk canji a ciki kafin ya taɓa teburi. Tun sigar 9.4 ta 2014 ake iya fassara kundin nan zuwa canje-canjen da mutum zai gane, sigar 10 ta 2017 kuma ta zo da PUBLICATION da SUBSCRIPTION. Za ka saita wal_level ya koma logical, ka sake tada sabar, ka buɗe abin da suke kira replication slot, wato wani gurbi da yake tuna inda mai karatu ya tsaya. Wannan kam yana jira. Manhajarka ta mutu da daddare ta tashi da safe, za ta ci gaba daga inda ta tsaya, a jere, babu wanda ya ɓata. To amma wannan jiran shi ne haɗarinsa kuma wallahi ina roƙonka ka ɗauki maganar nan da muhimmanci: muddin mai karatu bai dawo ba PostgreSQL ba zai goge tsohon WAL ba, zai yi ta tarawa har faifan ya cika sabar ta tsaya cak, a ƙaramin VPS, wato sabar haya, mai 25GB ba wani daɗewa zai yi ba. Daga sigar 13 akwai max_slot_wal_keep_size, ka saka masa iyaka tun ranar farko, kuma duk gurbin da ka buɗe don gwaji ka goge shi da ka gama. Wani abu kuma, in an goge layi ko an gyara, tsohon bayanin ba zai zo maka cikakke ba sai ka ce REPLICA IDENTITY FULL a kan teburin, in ba haka ba mabuɗin layin kawai za ka gani.

MySQL da MariaDB, waɗanda su ne a ƙarƙashin yawancin aikin PHP da Laravel da muke yi, ba su da wani abu mai kama da NOTIFY. Abin da suke da shi shi ne binlog, wato nasu kundin canje-canjen, kuma da shi ake yin komai. A MySQL 8.0 a kunne yake zuwa, tsarinsa ROW, yana riƙe kwana 30 kafin ya share. Sai ka kawo wata manhaja irin Debezium ko Maxwell ta yi kamar ita ma sabar kwafi ce, ta riƙa karanta binlog ɗin tana fitar da kowane canji. Yana aiki da kyau kuma yana tuna inda ya tsaya matuƙar ba ka wuce kwanakin da ake riƙewa ba. Sai dai yana buƙatar izinin REPLICATION, kuma mai hostin ɗin haɗaka ba zai ba ka wannan ba don binlog ɗin na kowa da kowa ne a sabar. Debezium kuma bisa al'ada da Kafka, wata babbar manhajar jigilar saƙonni, yake tafiya, ga Java ga cin RAM, ga shago mai rassa uku wannan kaya ya yi yawa. In a cPanel kake, ka sauka ƙasa inda na yi maganar teburin saƙonni, nan ne mafitarka.

MongoDB ya fi su sauƙin farawa in dai maganar canjin da ba ya ɓata ake. Tun sigar 3.6 ta 2017 suka kawo change streams, ka kira watch() a kan tarin bayananka, kowane canji ya zo maka da wata alama da ake kira resume token. Aikinka shi ne ka ajiye alamar nan a wani wuri bayan ka gama sarrafa kowane saƙo, in manhaja ta faɗi ta tashi sai ka ba shi ita da resumeAfter ya ɗora daga nan. Mutane da yawa suna kiran watch() su ga yana aiki su wuce, ba su ajiye alamar ba, to sun mayar da shi daidai da NOTIFY kenan ba su sani ba. Abu biyu za ka kula. Ba ya aiki a kan mongod guda tsurarsa, sai an tada shi a matsayin replica set, wato rukunin sabobi masu riƙe kwafi ɗaya, ko da mai mamba ɗaya ne a laptop ɗinka, da --replSet sannan rs.initiate(), a Atlas, hostin ɗin MongoDB na kansu, kuwa dama haka yake zuwa. Na biyu, daga oplog, kundin canje-canjen MongoDB, yake karantowa, shi kuma oplog girmansa ƙayyadadde ne, sabo na shigowa tsoho na fita, in ka daɗe ba ka dawo ba har wurin da alamarka take ya fice, zai ce maka tarihin ya ɓata, dole ka sake karanto komai daga tushe. Ka rubuta kod ɗin wannan yanayin tun yanzu. In an gyara takarda, wato abin da yake kamar layi a MongoDB, kuma filayen da suka canza kawai yake turowa, in kana son duka sai ka ce fullDocument: 'updateLookup', amma ka sani abin da zai kawo shi ne yadda takardar take lokacin da ya je dubawa, mai yiwuwa wani ya ƙara gyara ta a tsakani. Sai a sigar 6.0 aka samu damar ganin ainihin kafin da bayan kowane canji.

Duk waɗannan da na lissafa sabarka suke sanar wa. Daga sabar zuwa wayar alhaji aikinka ne, ka haɗa websoket, wato haɗin da ke zama a buɗe tsakanin sabar da waya, ko makamancinsa, ka kula da wanda ya yanke da wanda ya dawo. Firebase a nan ya ci kasuwa, don shi kai tsaye yake magana da wayar. Google ta saye shi a 2014, kuma yana da rumbu biyu, Realtime Database na asali da Firestore. A Firestore ka ce onSnapshot a kan tambayarka, duk abin da ya canza a sakamakon zai zo, netwok ya yanke ya dawo shi da kansa zai daidaita, har rubutun da aka yi babu netwok yana riƙewa a wayar ya tura daga baya. Ga yanayinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka fahimci me yake ba ka: halin da bayanin yake ciki yanzu yake kawo maka, in farashi ya canza sau biyar kana waje na ƙarshen za ka gani. Ga allon nuna kaya hakan ya isa har ya yi yawa, ga lissafin kuɗi kuwa kowane motsi ka rubuta shi a matsayin takardarsa daban. Sai maganar kuɗi, wadda da dala ake biya. Firestore yana cajin kowace takarda da aka karanta, kyauta 50,000 a rana, kuma kowane canji da ya isa kowace waya karatu ɗaya ne, ka lissafa waya ɗari suna sauraron kaya ɗari biyar ka ga inda za ka. In mai sauraro ya yanke fiye da minti 30 ya dawo, ana cajinsa kamar sabuwar tambaya ya yi daga farko, ka tuna sau nawa hakan ke faruwa da wayar da ke cikin aljihun ɗan acaɓa. Don haka kar ka saurari tarin gaba ɗaya, ka taƙaita da where da limit, cinikin yau na reshe ɗaya misali. Realtime Database shi da yawan datar da aka sauke yake caji, kuma a tsarin kyauta haɗi 100 kawai yake ɗauka a lokaci guda.

Supabase ya ɗauko wancan karatun WAL na PostgreSQL ya naɗe shi ya miƙa wa waya ta websoket, ga wanda yake son SQL kuma yake son sauƙin Firebase. Yana bin dokokin RLS, na wa zai ga wane layi, da ka rubuta, wato yaron reshen Kawo ba zai ga canjin reshen Tudun Wada ba in ka hana, sai dai duba izinin nan ana yinsa ne ga kowane mai sauraro a kan kowane canji, in jama'a suka yi yawa yana nauyi, su da kansu suna ba da shawarar a koma Broadcast, wata hanyarsu ta watsa saƙo, a irin wannan hali. Kuma kar ka ɗauka don WAL ne a ƙasa wayar da ta yanke za ta samu abin da ya wuce ta. Duk lokacin da haɗi ya dawo, sake karanto teburin.

Redis yana da sanarwar canjin mabuɗi tun sigar 2.8, a kashe take zuwa sai ka kunna notify-keyspace-events. Ba ta jiran kowa. Na sha ganin ana amfani da ita wajen cewa in odar abinci ta yi minti goma ba a biya ba a soke ta, ana jiran saƙon expired, alhali saƙon yana fita ne lokacin da Redis ya zo ya goge mabuɗin, wanda zai iya yin jinkiri, in kuma manhajar tana sake tashi a daidai lokacin odar nan ta zauna har abada. In kana son abin da ke jira a Redis, Streams ne, tun sigar 5.0.

Masu aikin .NET a ofisoshi da SQL Server suna da SqlDependency, wanda sai an kunna Service Broker, ba ya karɓar SELECT *, kuma abin da yake gaya maka kawai shi ne sakamakon tambayarka ya canza, bai faɗin me ya canza, sannan sau ɗaya yake harbawa sai ka sake rajista. Microsoft ma sun ce ba a yi shi don ɗaruruwan kwamfutocin ma'aikata su riƙa sauraro kai tsaye ba. In tarihin kake so akwai Change Tracking da CDC, wato Change Data Capture, tun sigar 2008. DynamoDB Streams yana riƙe canji awa 24. SQLite kuwa sqlite3_update_hook ɗinsa canjin da aka yi ta wannan haɗin kawai yake gani, wata manhajar ta rubuta a fayil ɗin ba zai ce uffan ba.

Wanda nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa a wajenmu shi ne CouchDB. Yana da _changes, ka ba shi since da lambar inda ka tsaya ya kawo maka duk takardar da ta canza daga nan, kuma da PouchDB, ɗan ƙaramin detabes mai daidaitawa da shi, a cikin burauza ko waya ma'aikaci zai yi aikinsa cur babu netwok, ya shigo gari komai ya daidaita. Ga masu tattara bayanai a ƙauyukan Giwa ko Kachia inda sabis sai an hau tudu, wannan tsarin ya fi dacewa da su fiye da duk wani websoket. Abin da zai ci maka lokaci shi ne in mutum biyu suka gyara takarda ɗaya, CouchDB zai zaɓi ɗaya ya nuna ya ajiye ɗayar, kai za ka rubuta yadda za a sasanta.

Yanzu teburin saƙonni da na ce. Ko wane detabes kake da shi, ko a cPanel ne, ka ƙirƙiri teburi ɗaya, ka kira shi sakonni, mai lamba da irin canjin da lambar layin da lokacin da filin an_aika. Duk inda kod ɗinka ya rubuta ciniki, a cikin tiransakshan ɗin nan ɗaya ya rubuta layi a sakonni, ko dai su shiga tare ko su faɗi tare. Sai wani ɗan ma'aikacin kod ya riƙa leƙawa duk sakan biyu ko uku yana ɗaukar waɗanda ba a aika ba, ya aika, ya yi musu alama. Ana raina leƙe-leƙen nan ana cewa tsohon yayi ne, amma ga shago mai ciniki ɗari biyar a rana sakan biyu ba wanda zai lura, kuma ba abin da ke ɓata. In a PostgreSQL kake sai ka ɗora NOTIFY a kai don ya tashi ma'aikacin nan take, leƙawar kuma ka barta tana gudana duk minti ɗaya saboda ranar da saƙo ya wuce shi. Ni wannan haɗin nake fara ba kowa shawara kafin a kai ga Debezium.

Tarko ɗaya a nan da yake kama har ƙwararru: kar ka ce kawai "kawo min duk wanda lambarsa ta fi ta ƙarshe da na gani". Tiransakshan biyu suna iya karɓar lamba 41 da 42, na 42 ya riga kammalawa, ka karanta shi ka matsa gaba, sannan 41 ya shigo bayan ka wuce, ba za ka taɓa ganinsa ba. Shi ya sa filin an_aika ya fi aminci. In ma'aikatan sun fi ɗaya ka yi amfani da FOR UPDATE SKIP LOCKED, yana nan a PostgreSQL tun 9.5 da MySQL 8.0, don kar biyu su ɗauki saƙo ɗaya. Kuma duk hanyar da ke jira tana iya kawo maka saƙo sau biyu, misali ka aika SMS sai wuta ta ɗauke kafin ka yi alama, don haka mai karɓa ya riƙa duba lambar saƙon, in ya taɓa ganinta ya tsallake, in ba haka ba kwastoma zai ga an cire masa kuɗi sau biyu kuma kai za a kira.

In ka rage zaɓinka zuwa biyu, ga gwajin da za ka yi musu, kuma a yi shi da waya ta gaske a kan datar waya, ba wayfai ɗin ofis ba. Rubuta ɗan kod da zai saka layi dubu ɗaya a jere masu lamba, ɗaya duk rabin sakan. Yana cikin tafiya ka kashe mai sauraron da ƙarfi, ka bar shi minti biyar, ka tada shi. Ka sa wayar a yanayin jirgi ka cire. Ka sake tada detabes ɗin kansa. Da ya gama ka ƙirga: nawa suka iso, nawa suka zo sau biyu, akwai waɗanda suka zo a juye. Sannan ka bar mai sauraron a kashe kwana guda cur, washegari ka duba girman faifan sabar in PostgreSQL ne, ka duba ko alamarka tana nan a oplog in MongoDB ne, in Firestore ne ka buɗe shafin lissafin amfani ka ga karatu nawa aka rubuta maka, ka ninka da yawan wayoyin da alhaji ya ce za su yi amfani da manhajar, ka kai masa lissafin da naira kafin ku sa hannu a kan farashin aikin.